Tsakanin magani da guba: darasi a kan ƙwayoyin kashe zafin ciwo

Da sunan Allah muke farawa, kuma gare Shi muke neman dacewa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:



Gabatarwa

Ran da malam ya raba wa kowane aji batun da zai yi rubutu a kai, mu ƴan ajin ƙarshe muka roƙa a bar mana wannan. Dalili kuwa, akwai wani ɗan'uwa da muka shekara uku muna zama layi ɗaya da shi. Ba za mu faɗi sunansa ba. Yaro ne mai hadda, ko sigari bai taɓa sa wa bakinsa ba. A hutun damina na bara waccan ya hau kabu-kabu za shi kasuwa, suka faɗi, ƙashin cinyarsa ya karye. Aka kai shi asibiti, aka yi masa aiki, aka rubuta masa tramol saboda zafin. Zafin kuwa na gaske ne, wasunmu da suka je dubiya tun daga ƙofa suke jin nishinsa.

Sai dai an sallame shi da ƙwayoyin da za su kai shi wata guda, kuma babu wanda ya zaunar da shi ko mahaifinsa ya ce musu wannan magani ana rage shi a hankali, ana kuma barinsa. Da ƙwayoyin suka ƙare, ƙafa ta yi sauƙi, amma jiki ya ƙi. Ba barci, sai hamma da zufa da ciwon gaɓoɓi. Ya zaci masassara ce. Ya nemi ƙwaya ɗaya ya sha, nan da nan komai ya lafa. To daga nan fa sai mai tiren magani na bakin tasha ya zama likitansa. Ranar da ya faɗi a tsakar makaranta yana jijjiga, wasu suka ce iska ce, wasu suka ce farfaɗiya. Ba a gane ba sai da aka ga fakitin a aljihunsa. Bana bai zauna jarrabawa tare da mu ba.

Tambayar da ta tsaya mana a rai ita ce: a ina abin ya fara lalacewa? Mun yi karatu gwargwadon iko, kuma wani ma'aikacin lafiya daga cikin iyayen ɗalibai ya ba mu lokacinsa Alhamis biyu a jere, Allah Ya saka masa da alheri. Ga abin da muka fahimta.

Fasali na ɗaya: wane irin magani ne wannan?

Maganin ciwo ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu sauƙi irin farasitamol. Akwai kuma wani gida daban, masu ƙarfi, waɗanda asalinsu wani fure ne da ake nomawa a ƙasashe irin su Afganistan. Idan aka tsaga ƙwallon furen sai ya fitar da farin ruwa kamar na tumfafiya, in ya bushe shi ne Larabawa ke kira afyun. Likitocin Musulmi na dā sun san shi sarai. Ibnu Sina ya yi bayaninsa a littafinsa Alƙanun, ya ambaci ƙarfinsa wajen kashe zafi, ya kuma yi kashedi a kan cewa yana kisa idan ya yi yawa.

Wajen shekara ta 1805 wani mai haɗa magani a Jamus, Friedrich Sertürner, ya tace sinadarin morfin daga afyun. Daga baya aka sami kodin, da oksikodon, da fentanil, da taramadol wanda muke ce wa tramol. Wasu daga furen ake samo su, wasu kuma a masana'anta ake haɗa su, amma aikinsu a jiki iri ɗaya ne, shi ya sa za mu kira su dangin afyun. Wani abin mamaki, ita kanta hiroyin da ake kama mutane a kanta yau, kamfanin Bayer na Jamus ne ya fara sayar da ita a 1898 a matsayin maganin tari. Kun ga ke nan tarkon ba sabo ba ne.

Yaya suke aiki? Allah Ya halicci wasu ƴan kafofi a ƙwaƙwalwa da lakar baya, kamar kwaɗo mai jiran makulli, kuma jiki da kansa yana yin wani sinadari da ke buɗe su don rage zafi. Dangin afyun makulli ne na aro, amma ya fi na jiki ƙarfi nesa ba kusa ba. Yana toshe saƙon zafi, sannan yana kawo wani irin daɗi da sakewa. Daga nan matakai uku ne.

Na farko, sabo. Ƙwaya ɗaya da take isa jiya, bayan ƴan makonni ba ta isa, sai biyu.

Na biyu, dogaro. Jiki ya gyara kansa a kan cewa ƙwayar tana nan kullum. Ran da babu sai hamma, majina, zufa, gudawa, ciwon ƙashi, rashin barci da ƙuncin rai. Wannan yana iya samun kowa, har wanda ya bi umarnin likita sak, in dai ya daɗe yana sha. Ba alamar lalacewar hali ba ce.

Na uku, jaraba. Mutum ya san tana cutar da shi, ta raba shi da karatu da sana'a da mutunci, amma ya kasa bari. A nan ba daɗi yake nema ba kuma, gudun azabar rashinta yake yi.

Kisan kuwa ta hanyar numfashi yake zuwa. Waɗannan ƙwayoyi suna rage aikin sashen ƙwaƙwalwa mai kula da numfashi, kuma shi wannan sashe ba ya sabawa da saurin da jin daɗin yake sabawa. Mutum yana ƙara yawa don ya ji abin da ya saba ji, numfashi yana raguwa, har ya yi barcin da ba a tashi.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne maganar kwanaki. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da wani bincike a 2017 a kan mutanen da aka fara ba su irin wannan magani. Cikin waɗanda suka sha aƙalla na kwana ɗaya, kashi 6 cikin 100 suna nan suna sha bayan shekara. Waɗanda farkon shansu ya kai kwana 8 ko fiye, adadin ya haura kashi 13. Waɗanda suka kai kwana 31 ko fiye, kusan kashi 30. Ma'ana, yawan kwanakin da aka rubuta a takardar farko yana da hannu a makomar mutum. Da muka karanta wannan sai muka tuna da ƙwayoyin wata guda na ɗan'uwanmu, jikinmu ya yi sanyi.

Fasali na biyu: abin da ya sami Amurka

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ƙasar da wannan wuta ta fi ci ita ce Amurka, mai manyan asibitoci da ƙwararrun likitoci. Kuma ba a lungu ta fara ba, a ofishin likita ta fara.

A dā likitocin can suna tsoron dangin afyun, ba sa bayarwa sai ga mai ciwon daji, ko wanda aka yi wa tiyata, ko wanda ke gargara. A watan Janairu 1980 wata mujallar likitoci ta birnin Boston ta buga wata gajeriyar wasiƙa mai jimla biyar, daga Jane Porter da Hershel Jick. Sun ce cikin majinyata 11,882 da aka ba irin wannan magani, huɗu kaɗai aka ga sun kamu da jaraba. Amma fa waɗannan mutane ne da ke kwance a asibiti, ma'aikata ke auna musu, na ɗan lokaci. Wasiƙar ba ta yi maganar wanda za a ba kwalba ya tafi da ita gida ya yi watanni yana sha ba. Duk da haka aka yi ta kafa hujja da ita a rubuce-rubucen ilimi sama da sau 600, mafi yawa don a nuna wai kamuwa abu ne mai wuya. Mu ɗaliban hadisi mun san wannan cuta: a ɗauko magana a cire ta daga muhallinta, wannan ya karɓa daga wancan, ba wanda ya koma ya duba asali.

A tsakiyar shekarun 1990 aka fara kiran likitoci da su riƙa auna zafin ciwo kamar yadda suke auna zafin jiki da bugun zuciya. Niyyar ba mummuna ba ce, don da gaske ana barin majinyata cikin wahala. Daidai wannan lokaci, a 1996, kamfanin Purdue Pharma na iyalan Sackler ya fito da ƙwayar OxyContin, wato oksikodon da aka tsara ya riƙa narkewa a hankali cikin awa 12. Kamfanin ya baza ƴan talla ofis-ofis suna gaya wa likitoci cewa haɗarin kamuwa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ya ɗauki nauyin likitoci da ma'aikatan jinya da masu farmasi sama da 5,000 zuwa taruka a wuraren shaƙatawa. Har takardun karɓar maganin farko kyauta ya raba. Cinikin ƙwayar ya tashi daga dalar Amurka miliyan 48 a 1996 zuwa sama da biliyan 1 a 2000.

Sai aka koma rubuta ta ga mai ciwon baya, da mai ciwon gwiwa, da wanda aka cire wa haƙori. A 2012 an rubuta takardun dangin afyun sama da miliyan 255 a ƙasar, wato takarda 81 ga kowane mutum 100. A jihar Bajiniya ta Yamma, inda masu haƙar kwal suke da yawa kuma jikinsu ya sha wuya, an shigar da ƙwayoyi miliyan 780 cikin shekara shida, alhali mutanen jihar ba su kai miliyan 2 ba. Wani ƙauye mai suna Kermit, mai mutum wajen 400, farmasi guda a cikinsa ya karɓi ƙwaya kusan miliyan 9 cikin shekara biyu. Wanda ya aika ya san lissafi, wanda ya karɓa ma ya sani.

A 2007 kamfanin ya amsa laifin yaudarar likitoci da jama'a a gaban kotu, aka ci shi tarar dalar Amurka wajen miliyan 600. A 2020 ya sake amsa wasu laifukan. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe ga miliyoyin mutane. Da aka fara tsuke hanyar samun ƙwayar wajen 2010, waɗanda suka riga suka kamu ba su warke ba, sai suka koma wa hiroyin ta kan titi, wadda ta fi araha. Wani bincike na hukumomin ƙasar ya nuna kusan huɗu cikin biyar na sababbin masu shan hiroyin sun fara ne da ƙwayoyin ciwo. Daga 2013 kuma fentanil ta bayan fage ta shigo, wadda ta ninka hiroyin ƙarfi har sau 50. Daga 1999 zuwa 2021 mutum kusan 645,000 suka mutu ta dalilin dangin afyun. A 2021 kaɗai sun haura 80,000, wato sama da gawa 200 kowace rana. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A 2016 CDC ta fitar da ƙa'ida ga likitoci cewa ga ciwo na ɗan lokaci, maganin kwana uku ko ƙasa da haka yakan isa, kuma da wuya a buƙaci fiye da kwana bakwai. Da tun farko aka riƙe wannan awo, da an tsirar da rayuka masu yawa.

Fasali na uku: namu gemun

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da Amurka? Ai mu likitan ma nemansa muke yi. Gaskiya ne, halinmu daban ne, amma cutar ɗaya ce. Su OxyContin, mu tramol.

Kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya haɗa taramadol a 1962, aka fara sayar da shi a 1977. Magani ne na gaske mai amfani. Wanda asibiti ke bayarwa yawanci miligiram 50 ne ko 100, kuma ba a yarda babba ya wuce miligiram 400 a yini ba. Wanda ke yawo a tire da jakunkunan ƴan talla kuwa za ka ga an rubuta 120, ko 200, ko 225, ko 250, mafi yawansa daga Indiya yake shigowa ta tashoshin ruwan Afirka ta Yamma. Ƙwaya biyu ta 225 ta riga ta wuce iyakar yini guda, alhali akwai masu watsa huɗu ko biyar cikin shayi da safe. Bayan rage numfashi, tramol yana da wani sharrin nasa na daban, shi ne jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Abin da ya kayar da ɗan'uwanmu ke nan.

Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi kashedi a ƙarshen 2017 cewa tramol da ake kamawa a shekara a Afirka kudu da Sahara ya tashi daga kilo 300 zuwa sama da tan 3 cikin ƴan shekaru. A maƙwabciyarmu Najeriya, binciken ƙasa na 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 suna shan dangin afyun na farmasi ba bisa umarnin likita ba, galibi tramol. A shekarar ce ma Najeriya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin, Indiya kuma ta sa taramadol cikin magungunan da doka ta tsananta a kansu. A nan Nijar hukumar OCRTIS tana kamawa, amma kowa ya san har yanzu ana samu.

Akwai wani labari da ya ba mu mamaki. A 2013 wasu masana suka ba da sanarwar cewa sun sami taramadol a saiwar tafashiya a Kamaru, har aka ɗauka itacen ne ke yin sa. Shekara ta zagayo wasu masanan daga Jamus suka bi diddigi a arewacin ƙasar, suka gano manoma ne ke sha suna kuma ba shanun huɗa don kada su gaji, sai ya bi fitsari da kashi ya shiga ƙasa, saiwa ta tsotsa. Jama'a, abin har ya kai ƙasa da ruwa!

Su wa ke sha a cikinmu? Da yawa ba ƴan iska ba ne. Ɗan garuwa ne, da mai buga bulo, da ɗan kabu-kabu, da mai haƙar zinariya, da manomi a lokacin huɗa. Jikinsu na ciwo, kuma in ba su fita ba gida ba a ɗora tukunya. Akwai mai amosanin jini wanda ciwonsa ke tashi cikin dare. Akwai matar da aka yi wa aiki wajen haihuwa. Kamar masu haƙar kwal na Amurka, ciwo ne ya fara kai su.

Bayar da magani fiye da ƙima kuwa a wurinmu ta ƙofa uku yake shigowa. Ta farko, ma'aikacin lafiya da layi ya yi masa yawa, ko ya tausaya wa majinyaci don ƙauyensu da nisa, sai ya rubuta masa mai yawa ba tare da bayani ba. Ta biyu, mai tire da mai shago, waɗanda su ne likita su ne farmasi, kuma ribarsu tana cikin ka dawo gobe. Ta uku, mu kanmu. Saura ya rage a gida, maƙwabci ya ce bayansa na ciwo, sai a ce ungo wannan, yana da kyau. Ko a Amurka, kusan rabin masu shan ƙwayoyin ba bisa ƙa'ida ba daga hannun dangi ko aboki suka samu.

Kada kuma a fahimce mu a karkace. Maganin ba abokin gaba ba ne. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya nuna a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na morfin da danginsa da ake rabawa a duniya. Wato a ƙasashenmu mai ciwon daji yana iya rasuwa cikin azaba don babu morfin a asibiti, alhali tramol na jabu yana zube a bakin tasha. Inda ake buƙata babu, inda ba a buƙata ya yi yawa.

Fasali na huɗu: abin da muka karanta a fiƙihu

Malamanmu sun karantar da mu cewa shari'a ta zo ne don kare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Duk wanda ya ga mai jarabar ƙwaya ya san babu ɗaya cikin biyar ɗin da take ƙyalewa.

Imam Alƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan hijira, ya rarrabe abubuwan da ke taɓa hankali gida uku a littafinsa Alfuruƙ: mai sa maye tare da nishaɗi, da mai ɓata hankali ba tare da wannan nishaɗin ba, da mai gusar da hankali da ji gaba ɗaya. A kan irin wannan rarrabewa malamai suka halatta a sa wa mutum abin da zai gusar masa da ji don a yi masa tiyata, suka kuma hana shan abin da zai taɓa hankali don neman daɗi. Ƙa'idar da muka haddace ita ce lalura tana halatta abin da aka hana, amma ana auna ta daidai gwargwadonta. To wannan gwargwado shi ne dai awo da kwanakin da likita masani ya ƙayyade. Ƙwaya ɗaya ce, a cikin awo magani ce, a wajen awo guba ce.

Shari'a kuma ba ta ɗora nauyin a kan mai sha kaɗai ba. Malaman fiƙihu sun ce wanda ya shiga yi wa mutane magani ba da sani ba, in ya yi ɓarna shi zai biya. A Bagadaza, shekara ta 319 bayan hijira, da wani majinyaci ya mutu ta kuskuren mai magani, Halifa Almuƙtadir ya umarci babban likita Sinan ɗan Sabit ya jarraba masu aikin likita, aka jarraba sama da 860, ba mai taɓa majinyaci sai da izini. Ina mai tiren bakin tasha zai tsaya a wannan jarrabawa? Shi ma mai ilimin, amana ce a wuyansa ya faɗi gaskiyar haɗarin abin da ya rubuta. Kamfanin da ya ɓoye aibin hajarsa kuwa, sunan aikinsa algus, ko a Amurka yake ko a kasuwarmu.

Wani darasin kuma: giya ba a rana ɗaya aka haramta ta ba. Hukuncin ya sauko daki-daki, a Suratul Baƙara, sannan Nisa'i, sannan Ma'ida. Mahaliccin ɗan Adam Ya san yadda sabo yake riƙe jiki. Likitoci ma haka suke yi wa wanda ya dogara da ƙwaya, a hankali suke rage masa.

Fasali na biyar: me za mu yi?

In an rubuta maka maganin ciwo mai ƙarfi, ko an rubuta wa wani naka, yi tambaya cikin ladabi: Likita, wannan yana cikin masu kama jiki? Kwana nawa za a sha? Yaya za a bari? Babu mai sauƙi da zai wadatar? Likitan kirki ba ya jin haushin wannan.

Kada a ƙara awo ba da izini ba, kada a haɗa shi da maganin barci ko wani abin maye. In ciwo ya lafa, saura a mayar farmasi ko asibiti. Kada a ajiye don wata rana, kada a yi kyauta da shi.

Iyaye su lura da alamu: gyangyaɗi da rana, ƙaiƙayin jiki, rama, yawan neman kuɗi, saurin fushi, da masassarar da ke warkewa da zarar yaro ya fita ya dawo.

In mutum ya faɗi yana jijjiga, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali a baki. In ta lafa a kwantar da shi ta gefe. In an ga ba ya farkawa, numfashinsa ya yi ƙasa, leɓɓansa sun canza launi, kada a ɗura masa madara ko ruwa, zai iya shaƙewa. A garzaya asibiti, a tafi da fakitin, a faɗi gaskiyar abin da ya sha. Akwai allura mai suna naloksan da ke dawo da numfashin wanda dangin afyun suka danne. Jin kunya a wannan lokaci yana iya cin rai.

Wanda ya riga ya kamu, a kai shi wurin likita, musamman sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na manyan asibitoci, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Duka da ɗauri da gori ba sa cire ƙwaya daga jiki. A yi addu'a, a yi magani, ba sa karo da juna. Sannan a kiyaye wannan da kyau: wanda ya bari na ɗan lokaci sabon jikinsa ya sauka, in ya koma ya sha adadin da ya saba a dā, yana iya mutuwa a ranar. Don haka kwanakin bayan bari su ne suka fi buƙatar a tsaya kusa da shi.

Mu ɗalibai kuma, lokacin jarrabawa ko musabaƙa wani zai ce maka ga abin da ke hana gajiya, a kwana ana hadda. Wallahi ƙarya ce. Haddar da aka gina a kan ƙwaya tare da ƙwayar take zubewa.

Kammalawa

Mun fara da tambaya: a ina abin ya fara lalacewa? Amsar da muka samu ita ce, sau da yawa jarabar maganin ciwo ba daga mugun hali take farawa ba. Tana farawa daga ciwo na gaske, da hannun da aka amince wa ya ba da fiye da ƙima, da bakin da ya yi shiru bai yi bayani ba. Wanda ya sha yana da nasa alhakin, amma ba shi kaɗai ba ne.

Ɗan'uwanmu yana samun sauƙi, alhamdu lillahi. Likita ya yi ta rage masa har ya bari, yau wata huɗu ke nan. Kowace Juma'a bayan la'asar mutum uku daga ajinmu suna zuwa gidansu su yi muraja'a tare. Ya ce wasu surorin sun kuɓuce masa, amma suna dawowa. Shi ne ya ba mu izinin ba da labarinsa, da sharaɗin a ɓoye sunansa, ya ce ko mutum ɗaya ya tsira ya wadatar. Malam ya ce wurinsa yana nan a aji baɗi in Allah Ya kai mu. Muna roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, in kuma ya gan shi a hanya ya yi masa sallama kamar yadda ya saba.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna roƙon malamanmu da ma'aikatan lafiya su gyara mana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mana hankulanmu, Ya sa albarka a karatunmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗaliban ajin ƙarshe